Ndumbe Ba Ya Taɓa Dutse

Tun kafin mu ga Ndumbe muka ji shi. Muna tsakar gida a Sopo, unguwarmu a Buya, muna naɗe gwaza a ganye, sai ga hon kamar an biyo ɓarawo, wata murya kuma tana binsa a baya: "Wannan ne tsaunin Buya da ake ta ba mu tsoro da shi? Ai jujin unguwarmu a Duwala ya fi shi tsayi!"

Kawun ango ke nan. Ranar ce dangin Esombe suka taso daga Duwala neman auren Limunga, 'yar yayana marigayi, wadda ta tashi a hannuna tun tana rarrafe. Esombe yaro ne mai hankali, a jirgin ruwa yake aiki, kuma washegari jirginsu zai tashi, ba zai sake taka ƙasa ba sai baɗi. In ba a gama magana ranar ba, sai wata shekarar, in ma da rabo. Magana kuwa ba ta ƙarewa sai Mola Ekema, wan mahaifinmu, ya duba kayan da aka kawo, ya tsiyaya wa kakanni bammi a ƙasa, ya ce ya yarda. Tsohon nan ya taɓa korar mai neman aure saboda gishirinsa bai cika buhu ba. Shi ya sa tun asuba nake ta addu'a.

Wata tsohuwar mota ja ta shigo gidan tana tari. Tana tsayawa maƙwabcinmu Liyonga, ɗan tasi, ya tura mata dutse ƙarƙashin taya da ƙafa, yadda kowa zai yi wa baƙo ba sai an roƙa ba. Ndumbe ya fito, gajere mai tumbi, cikin farar kwat da takalmi mai tsini, haƙoransa na kaɗawa don sanyi yana fifita da hankici. Ya zagaya motar, ya ci birki.

"Wa ya sa wa motata wannan abin?"

"Ni ne, Mola," in ji Liyonga, don haka muke kiran kowane dattijo. "Haka ake yi."

"Haka ake yi wa akwalarku. Shekara talatin ina tuƙi a Duwala, motata ba ta taɓa jingina da dutse ba."

"Duwala ai tabarma ce, Mola. Ko ƙwai ka ajiye a titi, nan za ka dawo ka same shi."

Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta jawo mana komai. Ndumbe ya koma cikin mota, ya taka birki, ya sa aka janye dutsen, sannan ya leƙo ta taga ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida! In na bari dutse ya taɓa tayar motar nan yau, ku tuɓe mini wando ku ɗaura mini zani!"

Mazanmu duka, daga dattawa har Liyonga, sun ci ado da farar riga da zanin sanja a ƙugu, yadda ake yi ranar girma. Kowa ya dubi zaninsa, ya dubi Ndumbe. Shi ko a jikinsa.

A al'ada dangin ango ne ke ɗauko Mola Ekema daga gidansa can sama a Bokwango, kuma mun riga mun shirya Liyonga zai je a madadinsu. Ndumbe ya ce sam. Shi zai je, kuma ba za a sauke kayan aure daga but ɗin mota ba. Zai dawo da tsoho da kaya a tashi ɗaya, yana danna hon tun daga sama, don mutanen Buya su ga yadda ake shigo da babban mutum. Esombe ya matso yana murza hannu. "Kawu, birkin hannun nan fa…"

"Kai, yi mini shiru! Da motar nan na kai uwarka asibiti ta haife ka."

"Shi ya sa, Kawu."

Ni aka ce in raka shi in nuna hanya. Ina shiga gidan baya Limunga ta kama hannuna ta taga, idonta ya yi rau-rau. "Gwaggo, ki riƙe mini mutumin nan." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni kuwa nawa a tashe yake.

Muna hawa titi ya fara. "Dama ko hagu, suruka?"

"Sama."

"Na ce dama ko hagu?"

"Suruki, a garin nan hanya biyu ce, sama da ƙasa. Wanda ya yi dama ko hagu, rami yake nema."

Motar tana nishi, shi yana ba ni labarin yadda ya taɓa ratsa ambaliya ruwa har wuyansa, kifi na shiga ta wannan taga yana fita ta waccan. A tsakanin kifayen ne na gane cewa motar ba a kashe ta, don in ta mutu sai an tura, shi kuwa gara ya mutu da a ce mutanen tsauni sun tura shi. Ke nan ba za a bar ta a giya ba. Ƙafarsa a kan birki ita kaɗai ke riƙe da mu, ƙafar kuwa tare da shi take fita.

Muka tarar da Mola Ekema zaune a baranda, ya sha sanja da baƙar hula, sanda a tsakanin gwiwoyi, yana kallonmu kamar mun zo karɓar haraji. Ndumbe ya juya motar ta fuskanci gangara, ya gyara kwat, ya kama birkin hannu ya finciko da ƙarfi. Sai ga birkin a hannunsa, har da jelar waya tana reto.

Ya dube shi, na dube shi. Ya tura shi ƙarƙashin kujera.

"Sabon samfuri ne. Cirewa ake yi saboda ɓarayi."

"Bari in ɗauko dutse. Ba mai ganinmu sai awaki."

"Awakin Buya baki gare su. Buɗe but ki jawo buhun gishiri."

"Gishirin aure? Kana da hankali kuwa?"

"Gaisuwa kawai zan yi in dawo. Ko ki sa buhun, ko in gaishe shi daga taga."

Gaida Mola Ekema daga taga! Da ya yi haka, ko jikokin Esombe ba za su sami mata a gidanmu ba. Gaba kura, baya sayaki. Na fita ina tsine masa a zuci, na jawo buhun na tokare taya. Ya sauko yana taku ɗai-ɗai, ya rusuna gaban tsoho, ya buɗe baki zai fara kirarin danginsa. Motar ta ɗan matsa gaba kamar mai son jin abin da ake faɗa. Buhu ya ce fus!

Ban san Bokwango na da awaki haka ba. Ta ko'ina suka ɓullo, wasu har da igiya a wuya. Mola Ekema ya tashi a hankali, ya dogara sanda ya zo ya tsaya a kansu.

"Ɗan bakin ruwa, wannan farin abin fa?"

"Maganin santsi ne, Mola. Sabon ilmi daga Duwala."

Tsoho ya sunkuya, ya dangwala da yatsa, ya ɗanɗana. "Hm. Maganin santsin Duwala zai yi daɗi a miya." Ndumbe ya buɗe masa gidan gaba, ya shiga ya zauna. Na tattara abin da awaki suka rage a gefen zanina, bai fi na miya biyu ba.

Mun fara gangarowa ke nan, a daidai inda titi ya fi tsayuwa, inda ko kaza sai ta yi tunani kafin ta tsallaka, tsoho ya buga sanda. "Tsaya. Tabata ta ƙare."

Wajen Iya Mojoko yake sayen garin taba tun kafin a haife ni, kuma ba ya zaman magana hancinsa babu komai. Na ce bari in karɓo masa. Ya ce ni na san taba? Sai ya shaƙa da kansa ya ji ko ta yi. Nan wata sabuwa ta fito: ƙofar gefensa ba ta buɗuwa ta ciki, ta waje ma sai an ɗaga ta an doke ta da gwiwa a wani wuri da Ndumbe kaɗai ya sani a duniya.

Iya Mojoko ta leƙo daga rumfarta. Tana da wani dutse mai sulɓi da ta ajiye musamman don masu tsayawa ciniki, har ya yi baƙi da mai. Ta turo shi da ƙafa. "Ga na baƙi, ɗana."

"Mayar da abinki, Iya. Motar nan 'yar birni ce."

"'Yar birni ba ta gangara?"

"Ba ta gangara sai na ce."

"To ka faɗa mata, don na ga kamar ba ta ji ba."

'Yan acaɓa da ke fakewa a gindin mangwaro suka matso. Ndumbe ya karkato kaina yana raɗa: "Suruka, akwai tukunya a but."

Tukunyar nan tawa ce. Ita ake kawo wa uwar amarya, ni ce kuwa a matsayin uwa. Tun a Bokwango na gan ta, ƙatuwa ta dalma mai hannu biyu, sai walƙiya take, har na gama shirya inda zan ajiye ta matan cocinmu su gani su yi baƙin ciki.

"Ko ka mutu," na ce.

"Ƙarfe ne fa. Me zai sami ƙarfe?"

"Ana jira na ko ba a jira na?" in ji tsoho. "In ba a jira na, a mayar da ni gida."

Da hannuna na kifa tukunyata gaban taya. Ndumbe ya fita, ya ɗaga ƙofa, ya doke ta da gwiwa, ya fito da tsoho. Mola ya shaƙi wannan ya ce ta yi sanyi, ya shaƙi waccan ya yi atishawa, ya tambayi Iya Mojoko lafiyar ƙafarta da ta jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan lokacin tukunyata tana kuka, ƙiii, ƙiii, ni ma ina taya ta. Ndumbe na rufe wa tsoho ƙofa tukunyar ta ce ƙwaras, ya yi tsalle ya faɗa kujera ya danne birki da ƙafa biyu.

Wani ɗan acaɓa ya zaro ta ya miƙo mini da ladabi. "Iya, ga farantinki."

Daga nan 'yan acaɓa suka ce ba za a yi babu su ba. Suka biyo mu a jere, suna hon, suna musu da ƙarfi a kan abin da zai sa a gaba. Wani ya ce takalminsa, wani ya ce ni, wani mara kunya ya ce tsohon. Masu shaguna suka fito, yara suka biyo da gudu. Ndumbe ya kumbura kamar an hura shi, yana ɗaga wa mutane hannu.

"Kin gani, suruka? Ban faɗa ba? Ko gwamna bai taɓa samun irin wannan rakiya ba."

Na kau da kai. Ina rungume da farantina.

Yayyafi ya fara kafin mu isa Sopo. Tsakar gidanmu gangare take, daga bakin ƙofa har zuwa murhu, inda tukwanen gwaza da miyar kwakwa ke jere, Limunga da ƙawayenta na tsaye a kansu. Ndumbe ya shigo da hon, ya tsaya a saman gangaren, rabin unguwa ta cika gidan a bayansa. Liyonga ya nufo shi da dutse. Wani ma ya nufo da nasa. Har limamin cocinmu ya sunkuya yana neman ɗaya.

"Baya!" in ji Ndumbe. "Na je sama na dawo babu dutse, a nan ne zan faɗi?"

Na buɗe but da kaina don kowa ya gani. Saura bargon tsoho da jarkar bammi. Esombe ya leƙa, ya dafe kai. "Kawu, ina gishiri? Ina tukunya? Don Allah, Kawu, bammin nan kaɗai ya rage mana!"

"Yaro, jarkar Duwala ce. Giwa ta taɓa zama a kan irinta."

Ɗan acaɓan nan mai faranti bai jira a sake faɗa ba, ya sure jarkar ya kwantar gaban taya, ya ja da baya yana washe baki. Ndumbe ya sauko, ya gyara kwala, ya zagaya zai buɗe wa tsoho. Bai kai ga ƙofar ba.

Bam!

Bammi ya yi sama ya sauko a kan dangin ango. Motar ta taka fatar jarka ta kama hanyar murhu, a hankali, cikin natsuwa, da Mola Ekema zaune a ciki yana shaƙar tabarsa. Mata suka yi kururuwa. Na ƙwala wa Limunga kira. Ni dai ban san mai tumbi na iya gudu haka ba: Ndumbe ya sha gaban motar, ya juya mata baya, ya kafa takalmansa masu tsini a laka, ya tare ta da ɗuwawu. Ta tura shi taku biyu. Wandonsa ya ce ɓarrr, tun daga ƙugu har gwiwa. Sannan ta tsaya, saura ƙiris ta sumbaci tukunyar miya.

Liyonga ya rugo da dutsensa, samari suka yi kan motar. Tsoho ya zuro sanda ta taga ya tare su.

"Kar wanda ya taɓa. Mutum ya yi rantsuwa, ku za ku karya masa?" Ya gyara zama, ya dube ni. "Tunda ƙofar ba ta buɗuwa, a nan zan duba kaya. Etonde, ina gishiri?"

Na kwance gefen zanina na nuna masa. "Sauran yana cikin awakin Bokwango, Mola."

"Tukunya?"

Na ɗaga faranti. Wata daga cikin matan cocinmu ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma na san ko wace ce.

"Bammi?"

Kowa na jin ƙamshinsa a jikinsa.

"To," in ji tsoho. "Kakanni sun sha nasu, sun sha namu, ba a ma gaya musu dalili ba. Babu gishiri, babu tukunya, babu abin tsiyayawa. Liyonga, kawo tasinka ka mayar da ni gida."

Limunga ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ludayi kawai ta ajiye, ta rufe fuska da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Esombe ya durƙusa a laka cikin kayansa masu kyau. Wallahi a lokacin dariya ta fita daga kaina, na ji kamar in ɗauki farantin nan in rafka wa Ndumbe. Yarinyar da na goya, a ce wani dutse ya hana ta aure!

"Mola," in ji Ndumbe daga ƙasa, muryarsa ta koma ta ɗan akuya, "gobe zan kawo buhu goma…"

"Gobe yaronku yana kan teku." Tsoho ya shaƙi taba, ya kalli sama. "Amma na tsufa, kuma akwai abin da ban taɓa gani ba. Gishiri na gani, tukunya na gani. Ban taɓa ganin mutumin Duwala ya roƙi dutse ba. In na ga wannan, ya isa kayan aure."

"Tukunyata fa?" na ce.

"Ke, yi shiru."

Gida ya zuba wa Ndumbe ido. Gumi da ruwan sama na zuba daga haɓarsa, gwiwoyinsa na kaɗawa, iskar tsauni na shiga ta inda wando ya buɗe.

"Ai… ba ta da nauyi," ya ce. "Ko kwana zan iya…"

Takalminsa ɗaya ya zame ya bar shi da safa. Motar ta ƙara matsowa. Ya ɗaga kai ya dubi Esombe durƙushe, ya dubi Limunga. Leɓensa ya motsa.

"Dutse."

"Kunnena ya tsufa," in ji Mola.

"Dutse, Mola."

"Me ya ce, Etonde? Bargo?"

"DUTSE! Jama'ar Buya, don girman Allah ku taimake ni da dutse!"

Ai kuwa ya samu. Liyonga ya sa nasa, limami ya sa nasa, 'yan acaɓa suka yi layi, yara suka kwaso na bakin kwata, wata tsohuwa ta kawo na niƙan yajinta. Kafin a ce me, motar ta koma kamar kabari, sai da aka yi haƙa aka sami ƙofar da za a fito da tsoho. Ndumbe ya sulale ya zauna a laka yana haki, hannu biyu a baya yana haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Mola Ekema ya sa aka kawo sabon sanja daga ɗaki. Shi da kansa ya ɗaura wa Ndumbe a gaban kowa, ya ja ƙullin ya ƙara ja. "Kai ka nema, mun cika maka. Yanzu ka yi kama da mutum."

Aka matse fatar jarka, aka sami abin da bai cika ƙoƙo ba. Tsoho ya tsiyaya a ƙasa, ya kira sunan yayana, ya ce masa 'yarsa ta sami gida inda ko wawan cikinsu yakan sa bayansa ya tare abin da zai faɗo mata. Sannan ya ce ya yarda. Limunga ta faɗo jikina tana kuka tana dariya, ni ma na kasa rarrabe wanne nake yi.

Kafin a gama cin gwaza Ndumbe ya warke. Na ji shi a cikin danginsa, zani a ƙugu, ƙafa ɗaya babu takalmi: "Mota guda, da tsoho a ciki, da baya kawai! Ku tambaya, duk tsaunin nan wa ya taɓa yi?"

Farantin yana nan, gyaɗa nake soyawa a kai. Da Limunga ta haifi ɗanta na fari, Mola Ekema ya aiko daga Bokwango cewa sunan yaro Ndumbe, kuma ba ya son musu. Yaron ya yi ƙiba, masha Allah. Ko a tsakiyar gangaren gidanmu ka zaunar da shi, nan za ka dawo ka same shi.